Da Sauƙin da Ya Ruɗe Ni

Ku da kuke zuwa depo ɗina na magani lokacin hutun lakwal, wato makaranta, kuna cewa in koya muku sayar da magani, na san abin da kuke gani. Kuna ganin mutum zaune a inuwa, fanka na kaɗa masa, a miƙo masa takarda ya miƙa kwali. Ranar nan na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa, “Aikin Baba Illa ai ko da ido rufe a yi shi.” Ban yi fushi ba. Ni ma haka na ɗauka sa'ad da na shiga. Shi ya sa na zauna na rubuta muku wannan, kuma ba zan ɓoye inda na yi ɓarna ba, don a nan ne darasin yake.

A Tasawa na koyi aikin, wurin marigayi Alhaji Mamman, Allah ya jiƙansa. Karatuna bai wuce ajin ƙarshe na firamare ba, amma ina iya karanta Faransancin da ke jikin kwali, shi ya sa ya ɗauke ni. Wata shida na yi ban miƙa wa kowa ko ƙwaya ɗaya ba. Aikina in share kanta, in sauke kwalaye in duba ranar lalacewarsu, in jawo tsofaffi gaba in tura sababbi baya. Lokacin ba mu da firigo mai sanyaya kaya. Maganin da ba ya son zafi a cikin randa muke ajiye shi, randar kuma a binne cikin yashi mai laima, kullum sai na yayyafa wa yashin ruwa safe da yamma.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai almakashi, na yanka katin ƙwaya ga wanda ba zai ɗauki kati duka ba. Alhaji ya koya mini in yanka ta yadda sunan maganin zai tafi tare da mai saye, kada ya isa gida da farar ƙwaya wadda ba wanda ya san ko mece ce. Akwai ƴan ambulan na takarda da alƙalami. Mafi yawan masu zuwa ba sa karatu, don haka zane muke yi musu: rana tana fitowa, rana a tsaka, sai wata. Ƙarƙashin kowane zane mu ja sanda ɗaya ko biyu, yawan ƙwayar da za a sha ke nan. Kowane mai depo da irin zanensa. Ni watana kullum bakinsa na kallon hagu.

Wata rana wata mata ta dawo sayen maganin ciwo na mijinta da ya taka ƙaya a gona. Ni ke kan kanta. Na ce, “Ya mai jiki?” Ta ce, “Da sauƙi.” Na juya zan ɗauko mata irin na farko, sai Alhaji ya riƙe hannuna.

Ya ce, “Baiwar Allah, yana taka ƙafar?”

Ta ce, “A'a. Tun shekaranjiya bai tashi ba.”

“Ta kumbura?”

“Har gwiwa.”

“To ina sauƙin yake?”

Matar ta rufe baki da mayafi tana dariyar kunya. “To Alhaji, mi za ni ce? In ce babu sauƙi, Allah na ji na?”

Bai sayar mata da kome ba. Ya ce a ɗora mijin a amalanke a kai shi likita, wato asibiti, a ranar. Da ta tafi ya ce mini, “Illa, da sauƙi gaisuwa ce, ba labarin ciwo ba ne. Mutumenmu ko ana haƙa mishi kabari zai ce da sauƙi. Ka amsa da Allah ya ƙara, sannan ka yi tambaya.” Na ji, na riƙe shekaru masu yawa. Sai na sake shi a lokacin da na fi bukatarsa.

Da na buɗe nawa depo a Urafane, ranar kasuwa ba na samun zama. Manoma, makiyaya, matan ƙauye da jarirai a baya, kowa da abin da ya kawo shi. A nan aka fara ce mini lokotoro, sunan masu ilimin duba marasa lafiya. Alhaji da ka kira shi haka sai ya ce, “Ni mai tsaron kanta ne.” Ni kuwa na ji daɗin sunan, ban gyara wa kowa ba. Laifina na farko ke nan, sauran duka daga gare shi suka fito.

Malam Sha'aibu mai amalanke ne, daga wani ƙauye kusa da mu yake kawo gero da wake kasuwa. Wata ranar kasuwa ya shigo da ɗansa Lawali, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, yana ajin ƙarshe na firamare. Kafin mu gama gaisawa yaron ya taɓa ma'auni, ya ɗauki almakashina, ya leƙa bayan kanta, ya tambaye ni abin da ke cikin kwalba uku. Uban ya daka masa tsawa sau biyu. Sai ya ce, “Lokotoro, duba mini idon yaron nan. Ƙifce-ƙifce yake yi kamar mai kiran mutum. Mushensu, malamin ajinsu, ya ce raini ne, ni kuma na ce ciwo ne.”

Na duba. Yaron yana runtse ido da ƙarfi, sau uku sau huɗu a jere, ya huta, ya sake. Amma idon fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba hawaye. Na tambaye shi ko yana yi masa ƙaiƙayi, ya ce a'a. A nan ya kamata in ce ban sani ba, a je likita. Sai na ga uban yana kallona yana jiran lokotoro ya yi magana. Na ɗauko maganin ɗigawa na ba shi.

Bayan mako uku ya biyo ta ƙofata. Na ce, “Ya idon Lawali?” Ya ce, “Da sauƙi, lokotoro.” Wannan karon kam da gaskiyarsa, ƙiftawar ta ragu ƙwarai. Na yi ta ba mutane labari a bakin depo cewa na warkar da ido da kwalba ɗaya.

Ba a yi wata biyu ba suka dawo. Yanzu maƙogwaro ne. Yaron yana gyaran murya, ehem, ehem, ba dare ba rana. Kun san abin da gyaran murya yake nufi a wurinmu idan babba yana magana. Mushe ya kore shi daga aji sau biyu, a masallaci ma wani dattijo ya juyo ya harare shi bayan sallama. Ba tari, ba majina, ba zazzaɓi. Na ba da siro na tari. Bayan ƴan makonni na tambaya, aka ce da sauƙi. Na ce Allah ya ƙara, ban ƙara tambayar kome ba. Ban ma lura cewa ido ya lafa ne daidai lokacin da maƙogwaro ya tashi ba.

Zuwa na uku Malam Sha'aibu shi kaɗai ya shigo, ransa a ɓace. Ya zauna kan benci ya cire hula ya aza a gwiwa.

“Lokotoro, wanga karon ba ciwo ba ne, iskanci ne. In aike shi, shi maƙe mini kafaɗa. Uwarshi ta yi mishi magana, shi maƙe mata. Gaban baƙi fa! Na buge shi har hannuna ya gaji, ina bugu yana maƙewa.”

Na ce, “Shi mi ya ce?”

“Wai ba shi ke yi ba. To wa ke yi, ni?”

Ya zaro wata takarda daga aljihu, saƙon Mushe Abdu, malamin ajinsu. Na karanta masa. An rubuta cewa Lawali ba ya zama wuri ɗaya, yana fara lissafi ya bari a tsakiya, yana mance kaye, littafin rubutu, da alƙalami a gida, yana amsa tambaya tun ba a gama yin ta ba. Malam Sha'aibu ya ce, “Ba ka da abin da zai kwantar mini da shi? Jarrabawa na tahowa. In bai natsu ba, ga jaki ga amalanke, ba ni ɓata mishi lokaci.”

Ina da shi. A ƙarƙashin kanta, cikin tsohon gwangwanin madara, akwai ƙwayoyin diyazefam, masu sanyaya jiki da sa barci. Ba ta hanyar da muke sayo magani na same su ba, wurin wani mai talla a kasuwa na saya. Na san sarai ba a ba da su sai da takardar lokotoro, balle ga yaro. Na ɗauki almakashin da Alhaji ya bar mini na raba su biyu biyu. Na zana rana tana fitowa na ja sanda, na zana watana na ja sanda. Na ce rabi da safe, rabi da dare.

Kowace kasuwa yana zuwa karɓar na mako. “Ya jikin Lawali?” “Da sauƙi, ya natsu.” Allah ya ƙara sauƙi. Haka muka yi kusan wata biyu. Sau nawa yake barci a yini, yana cin abinci, yana tafiya daidai, ko ɗaya ban tambaya ba. Ina jin tsoron amsar ne, yanzu na sani.

Wata Laraba da hantsi wani mutum ya tsai da moto, wato babur, a ƙofata, ya shigo da alli a hannun rigarsa. Bai zauna ba. Ya aza ambulan a kan kanta, ya juyo da zanen wajena.

“Wanga watan naka ne?”

Na ce nawa ne.

“Ni ne Mushe Abdu. Cikin aljihun Lawali na same ta, ranar da ya faɗo daga benci yana barci ya fasa leɓe. Yaron da in na yi tambayar lissafin ka, kafin in rufe baki ya ba ni amsa, yanzu sai na kira sunanshi sau uku. Kafaɗar kuma ba ta daina ba, yana barci a zaune, in ya farka ta ci gaba. Ni ma ina da rabona, na buge shi kan abin da ban gane ba. Amma wallahi gara a maido mini da mai surutun. Ubanshi ya cire shi tun Litinin. Ya ce tunda barci yake zuwa yi, ya yi shi kan amalanke.”

Yaro mai maye da ƙwayata, a kan amalanke, a hanyar da manyan motoci ke bi. Na rufe depo na hau bayan moton Mushe.

Mun tarar da Malam Sha'aibu a ƙofar gida yana gyaran igiyar jaki. Lawali na zaune gindin bango, kai a sunkuye. Bayan gaisuwa na durƙusa na gaya masa duka: idon ba ciwo ba ne, tarin ba tari ba ne, ƙwayar kuma ba ta halatta in ba shi ba, ita ce ta mai da yaronsa haka.

Ya dube ni ya ce, “Amma kai ka ba ni.”

“Ni na ba ka. Na tambaye ka ka ce da sauƙi, ni kuma na…”

“To mi kake so in ce ma lokotoro? In ce maganinka bai yi ba? Da wane baki?”

Na ce, “Malam Sha'aibu, ni ba lokotoro ba ne. Ban taɓa zama ba. Mai tsaron kanta ne.”

Ban taɓa faɗin haka a Urafane ba sai ranar. Bai zage ni ba, da ya zaga da ya fi mini sauƙi. Ya ci gaba da ɗaure igiyarsa. Mushe ne ya yi ta lallashi har ya yarda mu kai yaron likita. A likitar garinmu aka ce kada a tsai da ƙwayar kai tsaye, tunda jiki ya saba, a riƙa ragewa kaɗan kaɗan yadda suka tsara. Suka rubuta mana takarda zuwa Maraɗi. Na miƙa musu gwangwanin madarar da abin da ya rage ciki.

Sai da ƙwayar ta fita jikinsa muka tafi, ni da Lawali da ubansa. Lokotoron mace ce, ba ta da gaggawa. Ta sa na jera mata duk abin da na ba shi, ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa. Da na zo kan diyazefam ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Kai ne mai depo?” Na ce ni ne. Ta ce, “Ka gode Allah ka zo da ƙafarka.” Ba ta ƙara ba, ya ishe ni.

Tana magana da uban, Lawali ya ɗauki wata ƴar fitilar duba maƙogwaro a kan teburinta, ya kwance ta, yana ƙoƙarin mayarwa. Uban zai tsawata ta ɗaga masa hannu. Ta ce a hankali, “Malam, dubi kafaɗarshi.” Muka duba. Shiru, ko motsi. Da ya gama ya ga muna kallonsa, sai ta fara, sau biyu, sau uku.

Ta ce da Faransanci ana kiran abin tik. Motsi ne ko sauti da jiki ke yi ba da niyyar mai shi ba. Yaro na iya danne shi na ɗan lokaci, kamar yadda ake danne atishawa, amma sai ya fito. Ba aljani ba ne, ba raini ba ne, ba ya taɓa hankali. Yana yawo, yau ido, gobe maƙogwaro, jibi kafaɗa, kuma duka abu ɗaya ne. Yana tashi yana lafawa da kansa. Tsoro da gajiya da sa ido suna ƙara shi, bugu kuwa ya fi kome. Yawancin yara yana raguwa sosai in sun girma, kuma mafi yawansu ba sa bukatar magani.

Rashin zaman kuma, ta ce, wani abu ne daban, amma sau da yawa tare suke zuwa a jikin yaro ɗaya, kuma shi ne ya fi hana karatu, ba kafaɗar ba. Akwai maganinsa, sai dai yana da wuyar samu a ƙasarmu, kuma ba maganin sa barci ba ne ko kaɗan. Ta ce da can ana tsoron ba yaro mai tik wannan maganin, ana cewa shi ke tayar da shi. Daga baya aka ga yawancin yara ba ya ƙara musu, wasu kaɗan ne yake taɓawa, shi ya sa sai lokotoro yana bin yaron yana dubawa. Sai ta juyo wajena. “Ciwon da ke tashi ya lafa da kanshi, duk maganin da aka ba da dab da lafawa shi ke shan yabo, wanda aka ba da dab da tashi shi ke shan zargi. Kwalbarka ta ido ba ta yi kome ba. Lokacinshi ne ya yi.”

Malam Sha'aibu ya ce, “To Madam, mi za mu ba shi?”

“Yanzu ba kome. Ku bar dukanshi, ku bar kallonshi in yana yi. Shi yi barci isasshe. Mushe shi zaunar da shi gaba, shi riƙa ba shi aiki gajere gajere. Ku dawo mini da shi in gani, in da bukatar magani ni za ni faɗa. Kuma shi koma lakwal.”

Bai amsa mata wannan ta ƙarshe ba. Muka hau mota har Tasawa. Muka sauka muna jiran motar Urafane a ƙarƙashin wata rumfa. Na sayo ruwa, ya karɓa bai sha ba. Can ya dubi ɗansa.

“Lawali.”

“Na'am, Baba.”

“Kana son komawa lakwal, ko amalanken ta ishe ka?”

Kafaɗar yaron ta maƙe har ta taɓa kunnensa, irin maƙewar da kowane uba a ƙasar nan ya san ma'anarta. A daidai lokacin bakinsa ya ce, “Ina so, Baba.”

Na ga hannun Malam Sha'aibu ya motsa, sannan ya koma kan gwiwarsa. Ya dubi kafaɗar, ya dubi bakin. Ya juyo gare ni, karo na farko tun ranar da na durƙusa a ƙofarsa.

“Illa, wanne za ni ɗauka?”

Ba lokotoro ya ce ba, Illa ya ce. Na ce, “Bakin, Malam.”

Ya buɗe ruwan ya sha, ya miƙa wa yaron sauran.

Jarrabawar wannan shekarar ta wuce Lawali. Sai bayan damina ya koma, ya maimaita ajin tare da ƙannensa, abokansa sun tafi kwaleji sun bar shi. Shekara guda ta rayuwar yaro, ni na cinye ta, kuma ba a mayar da irin wannan. Mushe Abdu ya zaunar da shi gaba, ya ɗora masa share tablo, allon aji, da raba kaye, don ya riƙa tashi ba tare da laifi ba. Shekarar da ta biyo ya ci.

Ni kuwa ita ce shekarata mafi muni a sana'ar. Labari ya zaga kasuwa. Wasu suka koma wurin masu talla, don su ba sa cewa ban sani ba. Ranar kasuwa sai in zauna ina kallon mutane suna wucewa. Duk wanda ya ce mini lokotoro in gyara masa, har aka mai da abin ba'a, yara suna leƙowa suna cewa, “Sannu, ba-lokotoro-ba!” A hankali mutane suka dawo, ba duka ba.

Don haka in kun tsaya bayan kantar nan, abin da nake so ku iya ba sunayen kwalaye ba ne, wannan wata uku ya isa. Ku iya barin mutum ya fita hannu wofi yana jin haushinku. In uwa ta kawo yaro mai ƙifta ido, ido kuma fari tas, ku mai da hannunku aljihu ku nuna mata hanyar likita. In an ce muku da sauƙi, ku ce Allah ya ƙara, don ladabi ne, sannan ku tambaya: yana ci, yana barci, yana tashi, me yake yi yau wanda ba ya yi jiya?

Lawali yanzu magidanci ne, yana gyaran waya da fitilun sola a kasuwar Tasawa. An ce in ya sunkuya kan aiki ko gini ya faɗi ba ya ɗagowa. Watan jiya ya zo ganin iyayensa, ya biyo da takardar lokotoro ta ƴarsa mai zazzaɓi. Na ɗauko maganin, ya karɓa ya juya kwalin ya karanta ranar lalacewa da kansa kafin ya sa aljihu. Na ɗauki ambulan zan yi zane, ya ce, “Bar watanka, Baba Illa, na iya karatu.” Yana faɗa idonsa ya runtse sau biyu, kaɗan, wanda bai sani ba ba zai lura ba.

Na ce, “Ya jikin naka?”

Ya yi dariya ya jingina da kanta. “In ce maka da sauƙi, ko kana da lokaci?”

Na jawo masa benci.